Wace rarrabewa ta fi wata wuya? Tambayoyi da amsoshi kan auna wahalar dangantakar daidaito

Rabin aikin masu lissafi rarrabewa ce. A zube musu abubuwa birjik, su ce wannan da wancan abu ɗaya ne, wannan kuwa daban yake. Wata rarrabewar takan kammalu cikin shekara guda, wata kuma a shafe shekara sittin ana fama ba a ga ƙarshenta ba. A da, in abu ya gagara, sai dai a ce "da wuya" a bar wa na baya. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka samu ma'auni na gaske wanda ke iya tabbatar da cewa wannan tambaya ta fi waccan nauyi, har ma ya tabbatar da cewa wata ba za ta taɓa amsuwa ta hanyar da ake nema ba. Ma'aunin ya fito ne daga reshen lissafi da ke nazarin tarin abubuwa ta fuskar yadda ake siffanta su. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi a kai.

Mece ce dangantakar daidaito tukuna?

Hanya ce ta cewa "waɗannan biyu, a wajenmu ɗaya suke", da sharuɗɗa 3. Kowane abu ɗaya yake da kansa. In A ɗaya yake da B, to B ma ɗaya yake da A. In A ɗaya yake da B, B kuma ɗaya yake da C, to A ɗaya yake da C. Da zarar sharuɗɗan sun cika, abubuwan sun rabu gida-gida, kowa da gidansa, babu mai gida biyu.

Ɗauki kwanakin wata. Ranar 3 da ranar 17 rana ɗaya suke faɗowa a mako, domin tazararsu 14 ce, kuma 7 tana raba 14. Nan gidaje 7 ne kacal, daga Asabar zuwa Juma'a.

Me ake nufi in an ce an rarrabe wani abu?

Ana nufin an samo cikakkiyar shaida: wata alama da za a liƙa wa kowane abu, wadda 'yan gida ɗaya duk iri ɗaya za su samu, 'yan gida daban kuma ba za su taɓa haɗa alama ba. A misalin kwanaki, ragowar da ta saura bayan an raba da 7 ita ce shaidar. A alwatika kuwa, in kana son sanin ko biyu za su hau kan juna daram, auna tsawon gefe 3 na kowacce ka jera daga ƙarami zuwa babba. Lambobin nan 3 sun gama magana.

Dangantakar da za a iya ba ta shaida da lambobi haka, ta ƙa'ida bayyananniya, ita ake kira sumul. Kuma ba ƙananan abubuwa kaɗai ke zama sumul ba. A 1970 Donald Ornstein ya tabbatar da cewa tsarin jefa ƙuri'a ba iyaka, inda kowace jifa ba ruwanta da ta baya, lamba ɗaya tak ke rarrabe shi, wato entirofi, ma'aunin rashin tabbas da Kolmogorov da Sinai suka kawo a 1958 da 1959. Ƙuri'a mai fuska 4 masu rabo ɗaya, da wata mai fuska 5 wadda fuska ɗaya ta kwashe rabi sauran 4 suka raba ragowar daidai, entirofinsu ɗaya ne, saboda haka tsarin ɗaya ne duk da ba su yi kama ba a ido.

To ta yaya za a ce wata dangantaka ta fi wata wuya?

Ta hanyar mayarwa. A ce muna da dangantaka E a kan wani fili, da dangantaka F a kan wani. In aka samu ƙa'ida f da ke ɗaukar kowane abu x na filin farko ta tura shi fili na biyu, ta yadda x da y suna gida ɗaya a E in kuma sai in f(x) da f(y) suna gida ɗaya a F, to an mayar da E zuwa F. Ma'anarsa, duk wanda ya iya warware F ya riga ya warware E: ya tura abubuwan can, ya duba amsa, ya dawo. Sai a rubuta E ≤ F. In kowacce tana mayuwa ga ɗayar, nauyinsu ɗaya. In E tana mayuwa ga F amma F ba ta mayuwa ga E, F ta fi wuya, kuma wannan hukunci ne da ake kafa wa hujja.

Harvey Friedman da Lee Stanley ne suka shimfiɗa wannan a 1989, sannan Leo Harrington da Alexander Kechris da Alain Louveau suka zo da nasu aikin a 1990. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: ƙa'idar f ta zama irin ta Borel.

Me ya kawo sunan Borel? Me ya sa ba kowace ƙa'ida ba?

Domin in aka sakar wa kowace ƙa'ida mara, zancen ya mutu. Akwai wani ginshiƙi a lissafi da ake kira ƙa'idar zaɓi, wadda ke cewa za a iya ɗauko wakili ɗaya daga kowane gida ko da babu wanda zai iya faɗin yadda aka ɗauko shi. Da ita, kowace dangantaka ta samu "shaida": wakilin gidanku shi ne shaidarka. Amma shaidar da ba mai iya lissafa ta, ba mai iya rubuta ta, ba ta rarrabe komai ba.

Tarin Borel su ne waɗanda ake ginawa a bayyane. A fara da tazarori a kan layin lambobi, a haɗa su, a ɗauki abin da suka yi tarayya a kai, a ɗauki abin da ya saura a waje, a yi ta maimaitawa sau adadin da ke ƙirguwa, wato wanda za a iya jerawa 1, 2, 3… ko da ba shi da ƙarshe. Ƙa'idar Borel ita ce wadda duk tambayar da aka yi game da sakamakonta take komawa ga irin wannan tari. Kusan duk wata ƙa'ida da mai lissafi ya taɓa rubutawa da hannunsa don rarrabe wani abu tana cikin wannan sahu. Shi ya sa in aka tabbatar babu mayarwa irin ta Borel, an rufe ƙofa ga duk wata dabara ta zahiri.

Reshen da kansa ya samo asali ne a Faransa wajejen 1900, a hannun Émile Borel da René Baire da Henri Lebesgue. A wani rubutu na 1905 Lebesgue ya ce inuwar tarin Borel, wato in aka sauko da shi daga shimfiɗa zuwa layi, ita ma Borel ce. Wani ɗalibin Nikolai Luzin a Mosko, Mikhail Suslin, ya gano cewa ba haka ba ne, aka buga a 1917. Inuwoyin nan sun zama sabon aji da ya fi na Borel faɗi, ana ce musu tarin analitik. Suslin ya rasu a 1919 da cutar taifus, bai wuce shekara 25 ba. Kusan duk tambayoyin rarrabewa na gaske a cikin ajin da ya gano suke zaune, domin cewa "A da B ɗaya ne" yawanci na nufin "akwai wata hanya da ta haɗa su", kuma wannan "akwai" ɗin ita ce inuwar. Filayen da ake aikin a kansu ana kiran su filayen Foland, don girmama masana ƙasar irin su Sierpiński da Kuratowski.

Ba ƙirga gidajen kawai za a yi ba? Mai gidaje da yawa ita ta fi wuya mana.

A'a, kuma a nan gizo ke saƙar. Ɗauki duk jerin 0 da 1 marasa ƙarshe, irin 0110100… A ce jeri biyu gida ɗaya suke in daga wani wuri zuwa gaba sun dace baki ɗaya, ko da sun saɓa a farko. Wannan ita ce E₀. Yawan gidajenta daidai yake da yawan lambobin da ke kan layi, babu ƙari babu ragi. Duk da haka E₀ ba sumul ba ce. Babu wata ƙa'idar Borel da za ta ba kowane gida lambarsa. Nauyinta ɗaya da dangantakar da Giuseppe Vitali ya yi aiki da ita a 1905 wajen gina tarin da ba ya aunuwa, inda lambobi biyu ke gida ɗaya in tazararsu kaso ce ta cikakkun lambobi.

Malam, a nuna mini dalilin da ya sa E₀ ba sumul ba ce. Ina so in gani da idona.

Wannan hujja gajera ce, kuma a ganina duk wanda ya fahimce ta ya shiga fagen.

A ce akwai ƙa'idar f da ke ba kowane jeri lamba tsakanin 0 da 1, 'yan gida ɗaya lamba ɗaya, 'yan gida daban lamba daban. Ka ɗauki kwabo ka yi ta jefawa ba tsayawa, fuska ɗaya ka rubuta 0, ɗayar ka rubuta 1. Ka samu jeri x. Yanzu tambaya: f(x) tana rabin hagu ne ko rabin dama? Amsar ba ta dogara da jifa ta farko ba, domin in ka canza ta ba ka bar gidan ba. Ba ta dogara da jifa 10 na farko ba, ko 1000. Akwai hukuncin Kolmogorov na 1933 da ya ce duk abin da ya zama haka, wanda babu wani adadin jifa na farko da zai shafe shi, yiwuwarsa ko dai 0 ce ko 1, babu tsaka-tsaki. Saboda haka ɗaya daga cikin rabi biyun ya kwashe yiwuwar duka. Ka raba wannan rabin biyu, ka sake tambaya. Ɗaya zai sake kwashewa. Ka ci gaba da rabawa, tazarar na ta ƙanƙancewa har ta matse a kan lamba ɗaya r. Ke nan, da yiwuwa 1, f(x) daidai take da r, wato kusan duk jerin duniya gida ɗaya suke.

Amma kowane gida na E₀ mambobinsa masu ƙirguwa ne, kuma yiwuwar kwabo ya fitar da wani jeri takamaimai 0 ce, saboda haka yiwuwar faɗawa cikin gida guda ita ma 0 ce. Abu ɗaya ba zai zama 0 kuma ya zama 1 ba. Babu irin wannan f.

Lura da inda Borel ta yi aiki: sai da f ta zama Borel kafin a iya maganar yiwuwar "f(x) tana hagu". Wakilan da ƙa'idar zaɓi ke ɗaukowa ba su da yiwuwa ko kaɗan, shi ya sa suka tsallake hujjar.

Akwai wani abu tsakanin sumul da E₀?

Babu, a cikin dangantakar Borel, wato wadda tarin tagwayen da ke gida ɗaya a cikinta tarin Borel ne. A 1980 Jack Silver ya nuna cewa ko dai gidajen masu ƙirguwa ne, ko kuma daidaiton lambobin layi yana mayuwa cikinta. A 1990 Harrington da Kechris da Louveau suka nuna mataki na gaba: ko dai sumul ce, ko kuma E₀ tana kwance a cikinta. Wannan ya faɗaɗa abin da James Glimm a 1961 da Edward Effros a 1965 suka gano a wani fage daban, na aljabarar da ake amfani da ita a kimiyyar kwantam. Ƙasan tsanin dai a miƙe yake: gida 1, 2, 3, har zuwa masu ƙirguwa, sai lambobin layi, sai E₀.

Ita E₀ ɗin ƙirƙirar masu mantiƙi ce kawai, ko tana fitowa a lissafin da sauran mutane ke yi?

Tana fitowa, tun ma kafin a raɗa mata suna. A 1937 Reinhold Baer ya rarrabe ƙungiyoyin aljabara da ke zaune cikin lambobin kaso, wato tarin kaso da in ka tara biyu ko ka ɗebe ba ka fita daga cikinsa ba. Dabararsa ita ce: ɗauki wani mamba da ba 0 ba, ka tambayi kowace lamba marar rabuwa, 2, 3, 5, 7 da sauransu, sau nawa za a iya raba mamban da ita ba a fita daga ƙungiyar ba. A cikakkun lambobi, in ka ɗauki 1, amsar 0, 0, 0, 0 har abada. A ƙungiyar kason da ƙasansu 2, 4, 8, 16 ne, amsar ta farko ba iyaka, sauran 0. To amma a cikakkun lambobin nan, da 6 ka ɗauka maimakon 1, da ka samu 1, 1, 0, 0… Ƙungiyar ba ta canza ba, jerin ya canza a wuri 2. Ka ga ke nan shaidar Baer ba jeri ba ce, gidan jeri ce, inda ake yafe saɓani a wurare 'yan kaɗan, muddin ba tsakanin lamba da "ba iyaka" saɓanin yake ba. Nauyinta daidai da E₀. Rarrabewa ce mai kyau da kowa ya yarda da ita, amma ba ta lambobi ba.

Na Baer shi ne mataki na 1. Sai aka koma mataki na 2, ƙungiyoyin da ke cikin tagwayen kaso. Kurosh a 1937 da Malcev a 1938 sun kawo shaidu, sai dai gane ko shaidu biyu ɗaya ne ya yi wuya kamar tambayar asali. Aka yi shekara sama da 60 ana jin cewa abin ya fi na Baer tsauri ba tare da an iya faɗin ma'anar hakan ba. A 1999 Greg Hjorth ya tabbatar da cewa mataki na 2 ya fi na 1 wuya a ma'aunin Borel. A 2003 Simon Thomas ya tabbatar da cewa kowane mataki ya fi na ƙasansa: na 3 ya fi na 2, na 4 ya fi na 3, haka har ba iyaka. Wannan shi ne misalin da na fi son kawo wa mai shakkar amfanin fagen. Waɗanda suka kasa a 1938 ba ƙwazo suka rasa ba, abin da suke nema ne babu shi.

Ga ƙungiyoyin da matakinsu ba shi da iyaka kuwa, tambayar da Friedman da Stanley suka bari tun 1989 sai a 2021 Gianluca Paolini da Saharon Shelah suka sanar da amsarta: nauyinsu ya kai ƙololuwar da tsari mai ƙirguwa, wato tsarin lissafi mai mambobi masu ƙirguwa, zai iya kaiwa.

Daga E₀ zuwa sama tsanin ya ci gaba a miƙe?

Ko kusa. Ɗauki dangantakar Borel da kowane gidanta mambobinsa masu ƙirguwa ne. Feldman da Moore sun nuna a 1977 cewa kowacce irin wannan daga motsin wata ƙungiya mai ƙirguwa take fitowa (a nan ƙungiya tarin motsi ce da ake iya haɗawa a kuma warware): abubuwa biyu gida ɗaya suke in wani motsi na ƙungiyar ya kai ɗaya wurin ɗaya. A wannan sahu akwai mafi nauyi, E∞, wadda ke fitowa daga 'yantacciyar ƙungiya mai tushe 2, wato wadda aka gina daga motsi biyu da babu wata ƙa'ida da ta ɗaure su, ƙungiyar nan da ke ƙarƙashin abin mamakin Banach da Tarski na 1924, inda aka yanka ƙwallo gunduwa-gunduwa aka harhaɗa ƙwallo biyu. Thomas da Velickovic sun nuna a 1999 cewa rarrabe ƙungiyoyin da ke da tushe ƙididdigaggu nauyinsa ɗaya da E∞.

Tsakanin E₀ da E∞ an daɗe ba a san abubuwa da yawa ba, har wasu na zaton 'yan matakai ne. A 2000 Scot Adams da Kechris suka nuna cewa akwai dangantakoki a tsakanin da yawansu ba ya ƙirguwa, waɗanda babu wadda ke mayuwa ga 'yar'uwarta. Ba tsani ba ne ke nan, kurmi ne. Kayan aikin da suka yi amfani da shi ba na mantiƙi ba ne, hukuncin tsauri ne na Robert Zimmer daga nazarin ƙungiyoyin Lie, kuma da irinsa Thomas ya yi nasa aikin.

Akwai wadda ta fi kowa wuya?

Ya danganta da sahun. A cikin dangantakar Borel babu: Friedman da Stanley sun nuna yadda za a ɗauki kowacce a gina wadda ta fi ta. A cikin tsare-tsare masu ƙirguwa akwai ƙololuwa, kuma zanen ɗigo da layi, bishiyoyi, jerin gaba da baya, da ƙungiyoyi duk sun kai ta. A cikin waɗanda ke fitowa daga motsin manyan ƙungiyoyin Foland ma akwai, kuma Joseph Zielinski ya nuna a 2016 cewa rarrabe dunƙulallun filayen awo ta fuskar siffa ya kai can. A cikin analitik gaba ɗaya, Ferenczi da Louveau da Rosendal sun nuna a 2009 cewa rarrabe filayen Banach shi ne gagara-badau, duk wata dangantakar analitik tana mayuwa gare shi.

Ta yaya ake tabbatar da cewa abu ba zai rarrabu ba ko da an yarda a yi shaida da tsari mai ƙirguwa, ba lamba kaɗai ba?

Da dabarar da Hjorth ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1990, wadda za mu iya kira hargitsi. Hujjar kwabo da muka gani ta yi aiki ne saboda kowane gida ya barbazu ko'ina amma shi kansa ba shi da nauyi. Hargitsi ya ƙara tsananta wannan: ko da ka tsaya cikin ɗan ƙaramin yanki, kana tafiya da 'yan ƙananan taku kawai, za ka cika wani sashe na yankin ba ka bar gidanku ba. In motsi ya zama haka, duk ƙa'idar Borel da ta yi ƙoƙarin liƙa wa abubuwa tsari mai ƙirguwa za ta ƙare da ba kusan kowa tsari iri ɗaya.

Inda wannan ya fi yin tasiri shi ne tambayar da John von Neumann ya ɗora a 1932: a rarrabe duk tsare-tsaren motsi masu kiyaye awo, wato waɗanda ke juya abubuwa ba tare da canza yiwuwar kowane yanki ba, irin tsarin jefa ƙuri'ar nan. Halmos da von Neumann sun warware wani yanki a 1942, Ornstein ya warware nasa a 1970, aka yi ta fatan ragowar za ta biyo baya. A 2004 Matthew Foreman da Benjamin Weiss suka nuna cewa akwai hargitsi a wurin. A 2011 su biyun tare da Daniel Rudolph suka nuna abin da ya fi haka: dangantakar kanta ba ma Borel ba ce. Babu wata hanya mai matakai masu ƙirguwa da za ta karɓi tsari biyu ta ce ɗaya ne ko daban. A shekarar ce kuma Hjorth, ɗan Ostareliya wanda ƙwararre ne a wasan ces tun yana saurayi, ya rasu yana da shekara 47.

Mece ce ribar sanin cewa abu ba zai yiwu ba?

Tana gaya wa mai bincike inda zai zuba ƙarfinsa. Wanda ya san cewa dukan tsare-tsaren von Neumann ba za su rarrabu ba zai nemi yankin da zai rarrabu. Wanda ya san tambayarsa nauyin E₀ gare ta zai daina neman lamba, ya nemi jeri irin na Baer.

Wace tambaya ce har yanzu ba a amsa ba?

Wadda ta fi damuna ita ce ta Weiss, tun shekarun 1980. E₀ tana ginuwa tubali-tubali: a mataki na n a haɗa jerin da suka dace daga wuri na n zuwa gaba, gidajen ƙanana ne masu mambobi ƙididdigaggu, su yi ta girma har su cika. Dougherty da Jackson da Kechris sun nuna a 1994 cewa duk dangantakar da ke ginuwa haka, in ba sumul ba ce, nauyinta ɗaya da E₀. Tambayar ita ce: wace irin ƙungiya ce motsinta kullum ke ba da wannan? 'Yantacciyar ƙungiya mai tushe 2 ba ta ciki. Weiss ya tambaya ko duk ƙungiyoyin da ke karɓar awo, waɗanda von Neumann ya ware a 1929 a matsayin waɗanda abin Banach da Tarski ba ya faruwa da su, suna ciki. Ornstein da Weiss sun riga sun nuna a 1980 cewa haka ne in an yarda a zubar da wani yanki marar nauyi. Wahalar duk tana cikin ƙin zubar da komai. Su Gao da Steve Jackson sun ci nasara a 2015 ga ƙungiyoyin da jerin motsi ba ya canza sakamako a cikinsu, kuma ko wannan sai da aka kai ruwa rana. Daga baya an faɗaɗa zuwa wasu azuzuwan, amma cikakkiyar tambayar tana nan.

Kusa da ita akwai wata mai saukin faɗa: in aka jera dangantaka masu ginuwa tubali-tubali, kowacce ta haɗiye ta bayanta, aka tara su duka, jimillar ita ma tubali-tubali ce? Akwai kuma ta Turing: a ce tarin lambobi biyu gida ɗaya suke in kwamfuta za ta iya lissafa kowanne daga ɗayan. Kowane gida mai ƙirguwa ne, domin manhajojin kwamfuta masu ƙirguwa ne. Shin nauyinta ya kai E∞? In hasashen Donald Martin kan waɗannan gidaje, da ake kira darajojin Turing, gaskiya ne, bai kai ba.